Yadda ake zaɓen abin da za a lulluɓe bangon murhu da shi a madafar tsakar gida

A gidaje da yawa na Kano da Zariya da Katsina, ko da akwai kicin na zamani a cikin ɗaki, babban girki a waje ake yin sa, domin tuwon suna da suyar naman layya da wainar Sallah ba sa yiwuwa a ɗan ƙaramin wuri. Bangon da ke bayan murhun wannan madafa shi ne ya fi kowane bango a gidan shan wahala, saboda shi ne talge ke fallatsa wa idan ana tuƙi, shi ne manja da man gyaɗa ke fantsama wa idan ana suya, sannan ga hayaƙi da rana da feshin damina da ƙurar hunturu. Fenti ba ya yin shekara a irin wannan wuri, shi ya sa ake lulluɓe shi da tayil ko dutse ko ƙarfe.

Kafin a nufi kasuwar kayan gini ta Ƙofar Ruwa a Kano ko ta Dei-Dei a Abuja da kuɗi a aljihu, ya kamata a tsaya a gaban bangon a tantance abu biyu. Na farko shi ne irin wutar da za a riƙa hurawa, domin harshen gas yana tsayawa a ƙarƙashin tukunya, amma wutar itace tana lasar bango kuma tana barin kunkunniya, gawayi kuwa zafinsa yana daɗewa a wuri ɗaya. Na biyu shi ne inda bangon ya fuskanta da kuma girman rumfar da ke kansa. A Arewa hadari yakan taso ne daga gabas, don haka bangon da ya kalli gabas zai sha feshi, wanda ya kalli yamma kuma zai sha ranar la'asar, a garuruwan da zafin bazara ke wuce digiri 40 a watan Afrilu.

Tayil shi ne abin da mafi yawan mutane za su zaɓa, kuma a nan ne aka fi yin kuskure, domin mai shago da ya ji an ce bango sai ya miƙo tayil ɗin bango na banɗaki, irin marar nauyin nan mai ƙyalli wanda bayansa ja ne ko fari mai laushi kamar alli. Wannan nau'i an yi shi ne don cikin ɗaki, kuma jikinsa yana shan ruwa fiye da kashi 10 cikin 100 na nauyinsa. Nau'in da ake kira fosilen kuwa an gasa shi a zafin da ya kai wajen digiri 1,200, har ya zama ba ya shan ruwan da ya wuce rabin kashi 1 cikin 100. A ƙasashen da ake ƙanƙara, ruwan da tayil ya sha yana daskarewa ya fasa shi. A wajenmu ɓarnar a hankali take zuwa, domin tayil ɗin yana shan danshi a lokacin marka, ya bushe ƙayau a bazara, sai ƙyallin fuskarsa ya yi ƙananan tsagogi kamar saƙar gizo-gizo, maiƙo ya shiga cikinsu ya zauna, babu sabulun da zai fitar da shi.

Gane bambancin ba ya buƙatar yarda da rubutun kwali. A juya tayil ɗin a ɗiga ruwa a bayansa, a jira minti biyu ko uku: idan ruwan ya nutse ya bar tabo mai duhu, na cikin ɗaki ne, idan kuwa ya tsaya a dunƙule yana sheƙi, shi ake nema. Fosilen ya fi nauyi a hannu, kuma idan an ƙwanƙwasa shi da makulli yana ba da ƙara mai kaifi. Yawancinsa a matsayin tayil ɗin ƙasa ake sayar da shi, kuma babu laifi ko kaɗan a ɗora na ƙasa a bango.

Game da fuskar tayil, a ɗauki mai santsi, a bar masu gurza-gurzan nan da aka yi su kamar dutse ko bulo, duk kyansu a shago, domin kowane rami a jikinsu ma'ajiyar maiƙo ce. Babba ya fi ƙarami, misali mai santimita 60 a 60 ko 30 a 60, saboda yawan layukan da ke tsakani shi ne yawan wuraren da za su yi baƙi. A ganina kala mai ruwan ƙasa ko ruwan toka ta fi dacewa, tunda fari yana tona asirin hayaƙi, baƙi kuma yana nuna ƙurar hunturu kuma yana ɗaukar zafin rana har a kasa taɓa shi.

Wanda yake da hali, dutsen giranit ya fi komai juriya, kuma ana fasa shi a nan gida Najeriya. Ana yanka shi falle guda mai kaurin santimita 2, ya rufe bayan murhu ba tare da layi ko ɗaya ba, rana ba ta koɗar da shi, tsami ba ya cin sa. Rauninsa shi ne wasu nau'o'in masu hasken kala suna shan mai, don haka a karɓi ɗan guntu daga wurin masu yanka, a ɗiga masa manja a bar shi ya kwana, da safe a goge a gani. Idan ya bar inuwa, dutsen yana buƙatar a shafe shi da ruwan toshe ƙofofin dutse, a kuma sabunta shafin bayan shekara ɗaya ko biyu. A ɗaya gefen guntun a matsa lemon tsami, domin a tabbatar ba mabul aka ba mutum ba. Mabul, irin wanda ake haƙa a Jakura ta jihar Kogi da Igbeti ta jihar Oyo, dangin farar ƙasa ne, kuma ruwan tsamiya da tumatir da zoɓo suna cinye ƙyallinsa su bar tabo dusu-dusu. Akwai kuma dutsen haɗi da ake kira kwats, wanda garin dutse ne aka cuɗa da wani irin danƙo na roba. Yana da kyau a cikin ɗaki, amma rana tana sauya masa kala, zafin wuta kuma yana ƙona danƙon.

Ƙarfen da ba ya tsatsa, irin na manyan gidajen abinci, ya fi kowanne sauƙin gogewa, kuma ya dace da murhun gas da ke ƙarƙashin rumfa. Sai dai suna ya tara, domin akwai mai lamba 304, wanda ke da kuromiyam kashi 18 da nikel kashi 8, akwai kuma masu araha irin 201 da 430 waɗanda ke fitar da ɗigon tsatsa idan danshi da gishiri suka daɗe a kansu. Maganaɗisu yana kama 430, amma ba ya raba 201 da 304, saboda haka sai a nemi ganin lambar da aka buga a jikin fallen kafin maƙeri ya yanka. A ɗaure shi da kusoshi irin nasa, kada a goge shi da soson ƙarfe ko ruwan bilic. Gilashi, allunan roba da ake yin silin da su, katako, da takardun nan masu gam da ake liƙawa su yi kamar tayil, duk a bar su can cikin ɗaki.

Idan murhun na itace ne, babu tayil ɗin da ya kamata harshen wuta ya riƙa lasa. A gina ɗan gajeren bango na jan bulo a bayan murhun da gefensa, tsayin kamar santimita 50, zai fi kyau ma idan an sami bulon wuta irin na gidan burodi, sannan tayil ko dutse ya fara daga samansa ya tafi har kusa da rufi. Jan bulo zai yi baƙi, amma baƙin da ba ya cutar da shi ne. Iyayenmu da suka yi yaɓe da makuba sun riƙa sabunta bangon madafa lokaci-lokaci, kuma wanda gininsa na ƙasa ne ya ci gaba da hakan, domin tayil ba ya zama a kan yaɓen ƙasa.

Abin da na gani da idona shi ne, tayil mai kyau ya fi lalacewa ta hanyar ɗorawa. Wani mai sa tayil da ya yi mana aiki ya jiƙa fosilen a cikin baho kamar yadda ya saba yi wa na banɗaki, sannan ya ɗana curin siminti biyar a bayan kowane ɗaya, huɗu a kusurwoyi ɗaya a tsakiya, ya manna. Damina ta biyu ba ta fita ba sai da kyankyasai suka tare a ramukan da ke baya, wata rana da azahar kuma guda uku suka ɓalle suka faɗo a bayan tukunya. Fosilen ba ya shan ruwa, don haka siminti zalla ba ya kama shi sosai. Gam ɗin tayil na buhu ake nema, wanda aka rubuta C2 a jikinsa, a shimfiɗa shi da cokali mai haƙora a bango, a kuma shafa siriri a bayan tayil ɗin har kusan ko'ina ya samu. Washegari a bi kowane tayil da ƙwanƙwasa, duk wanda ya yi ƙarar ganga a cire shi tun gam bai gama ƙarfi ba.

Filastar da za a ɗora tayil a kanta ta yi kamar mako huɗu tana bushewa, kuma idan gindin bangon yana fitar da farin gishiri, a magance danshin tukuna. Kada a haɗe bakin tayil da bakin ɗan'uwansa. A bar tazarar milimita 3 zuwa 5, domin bangon da ya gasu da rana ya huce da daren hunturu yana motsi. A cike layukan da garin ciko mai duhu maimakon farin siminti, kusurwoyi da inda tayil ya sauka a kan kantar murhu kuma a sa silikon mai jure zafi. Saman layin ƙarshe a rufe shi da ɗan kan siminti mai gangara, don kada ruwa ya zurara ta baya. Aikin a yi shi da sassafe ko da yamma, saboda gam yana bushewa a kan bango mai zafi kafin a kai ga manna tayil.

Wajen saye a ƙara kashi 10 cikin 100 a kan awon da aka yi, a duba cewa lambar kalar da ke jikin kwalayen iri ɗaya ce, sannan a ɓoye guda biyar ko shida a sito, domin samfurin da ke cike da kasuwa bana da wuya a same shi baɗi.