Kurakuran da Ke Lalata Bargon Kyauta da Yadda Ake Gyara Su

Bargon haɗe-haɗe, wanda ake yanka ƙyallaye a jera a ɗinke, a shimfiɗa auduga a tsakiya sannan a rufe da shafi, ba ya nuna aibinsa ranar da aka miƙa shi. Ranar kowa yabo yake yi. Sai ya kwana biyu a hannun wanda aka ba, ya sha wankin farko, sannan gaskiyar aikin take fitowa: ja ya zuba a kan fari, ɗinki ya buɗe, audugar ciki ta dunƙule a kusurwa ɗaya. Kuma mai shi ba zai faɗa miki ba, don kunya. Zai ninke shi ya ajiye a ƙasan akwati. Shi ya sa duk bargon da zan ɗinka, wankin nan nake tunawa tun kafin in ɗauki almakashi.

Babban kuskuren shi ne yanka sabon yadi ba a wanke shi ba. Ni kaina ya taɓa cina. Na ɗinka wa ƙanwata bargo fari da ja, wata uku ina kansa, dare bayan dare idan yara sun yi barci. Da na je wurinta daga baya na same shi a shanye, duk inda farin ya taɓa jan ya koma ruwan hoda, shatar rinin ta bi layin ɗinki kamar an zana. Ba ta ce komai ba, amma raina ya ɓaci ƙwarai. Ja da shuɗi mai duhu da baƙi su ne suka fi zuba. Gwajin kuwa ba shi da wahala: ki yanki ɗan ƙyalle ki jiƙa a ruwan ɗumi, ki ɗora shi a kan farin tsumma ki danne, ki bar su su bushe tare. Idan farin ya ɗauki launi, ki wanke yadin shi kaɗai har sai ruwan ya fita garau. Wanda ya ƙi daina zuba, ki haƙura da shi komai kyansa. Idan kuma aikin gama ya gama, rinin ya riga ya zuba a bargon, kada ki sa masa dutsen guga, zafinsa zai zaunar da tabon. Ki jiƙa shi a ruwa mai yawa da ɗan sabulun wanke kwanuka, kina canja ruwan, sau da yawa yana fita.

Wankin farko yana maganin wata matsalar. Yadin auduga yana tsukewa kamar kashi 3 zuwa 5 cikin 100, wato bargo mai tsawon inci 60 zai iya rasa inci 2 zuwa 3. Idan duk ƙyallayen sun tsuke tare, da sauƙi. Ɓarnar tana zuwa ne idan an haɗa wankakke da wanda ba a wanke ba, ɗaya ya ja ɗaya ya tsaya, bargon ya tattare. Haka ma tsofaffin kayan sawa da ake so a sa don tunawa da wani. Abu ne mai kyau, amma ki ɗaga kowane ƙyalle ki duba shi a haske. Inda haske ke ratsawa ya riga ya mutu, shi zai fara yagewa ya bar rami a tsakiyar sabon yadi. Mai talewa kuma, irin na singileti, sai an manna masa gam ɗin tela a baya, wato ƙyallen da ke hana yadi talewa, kafin a yanka.

Sai maganar bakin ɗinki, wato ratar da ake bari tsakanin layin ɗinki da bakin yadi, wadda masu koyo suke rainawa. Ƙa'idar wannan aikin rubu'in inci ce, kusan milimita 6, a kowane ɗinki ba ƙari ba ragi. Murabba'in da aka yanka inci 5 zai fito inci 4 da rabi bayan an ɗinke shi ta ko'ina. To idan ɗinkinki ya zarce da kashi ɗaya cikin 16 na inci, abin da ido ma ba ya gani, kowace mahaɗa ta ci kashi ɗaya cikin 8, tunda ƙyalle biyu take ci. Layi mai mahaɗa 16 ya rasa inci 2 ke nan. Daga nan sai a fara jan yadi da ƙarfi don kusurwoyi su haɗu, bargon ya fito a karkace. Ki auna rubu'in inci daga allurar keken, ki manna salatif a wurin ya zama shata, ki gwada da ƙyallaye uku ki auna su kafin ki fara na gaske. Wanda ya riga ya karkace, farke shi ya fi jan sa. Ki kuma rage tsawon takun ɗinkin zuwa milimita 2 ko 2 da rabi, domin taku mai faɗi yana warwarewa daga baki.

Guga ma a nan ba ta goga riga ba ce. Ɗora dutsen ake yi a ɗaga, ba a ja shi, musamman ƙyallen da aka yanka a karkace, domin ja yana miƙar da shi. A kwantar da bakin ɗinkin ta ɓangaren yadi mai duhu don kada ya haska ta cikin fari.

Launi kuwa, a lambuna na koyi shi. Ki tsaya da yamma ki kalli shukokinki: kore ne duk, amma wani mai duhu, wani mai haske, sabon toho kamar rawaya, shi ya sa ido ke rarrabe kowane ganye. Mutane suna zaɓen yadi biyar masu kyau, duk hasken su ɗaya, a ɗinke su zanen ya ɓace. Ki jera su ki ɗauki hoto da waya, ki mayar da shi baƙi da fari. Idan duk sun koma toka iri ɗaya, ki nemo mai duhu sosai da mai haske sosai ki ƙara. Kuma idan kin taso daga lambun, ki wanke hannu har ƙarƙashin farce. Ƙasa da ruwan ganye suna barin tabo a farin yadi, kaushin hannu kuma yana fizgar zare.

Wurin haɗa saman da audugar da shafin gaggawa ke shigowa, don an ga ƙarshe ya kusa. Shafi da auduga su fi saman faɗi da aƙalla inci 3 ta kowane gefe, saboda suna shigewa yayin ɗinki. A shimfiɗa shafin a miƙe ba tare da an tale shi ba, a kafa fil duk bayan faɗin tafin hannu, a fara ɗinki daga tsakiya zuwa baki don rarar yadin ta riƙa guduwa waje. Wanda ya fara daga baki zai tara kumburi a tsakiya. Kuma kada layukan ɗinkin su yi nisa da juna. Audugar da ake sayarwa don wannan aikin tana zuwa da bayanin iyakar tazarar da take ɗauka, ki bi shi. Idan babu bayani, kada ki wuce inci 4. Fili mai faɗi da ba ɗinki shi ne inda audugar ke yankewa ta dunƙule. Bakin bargon kuma shi ne ke shan ja da gogayya, sai a naɗe shi da ƙyalle mai faɗin inci 2 da rabi, a ninke shi gida biyu.

Akwai kuskuren da ba na allura ba: ɗinka abin da ke kike so, ba abin da mai shi zai yi amfani da shi ba. Dattijuwar da ke zama a kujera ƙaramin bargo marar nauyi take buƙata, kamar inci 50 da 60, wanda za ta iya ɗagawa da kanta. Gidan da ke da yara ƙanana ba ya son fari fat. Na jariri kuwa kada a sa masa maɓalli ko duwatsun ado ko doguwar igiya, yana iya cire su ya kai baki. Likitocin yara suna gargaɗi kada a bar bargo a shimfiɗar barcin jaririn da bai kai wata 12 ba, don haka ki gaya wa uwar na shimfiɗawa ne a ƙasa yana wasa ana kallonsa. Lokaci ma a lissafa shi da gaskiya. Ga ban-ruwa, ga cire ciyawa, ga aikin gida, bargon da kika ƙiyasta wa mako 3 zai ci 6. Gara ƙarami da aka gama da kyau.

Kafin ki miƙa shi, ki wanke shi da kanki a ruwan sanyi, duk abin da zai buɗe ya buɗe a hannunki ki gyara. Kada ki rataye shi a igiya yana jiƙe, nauyin ruwan yana tsinka ɗinki. Ki shimfiɗa zanen gado a inuwa, nesa da bishiyar da tsuntsaye ke sauka, ki kwantar da shi a kai, rana tana koɗar da launi. Ki ɗinka ɗan ƙyalle a kusurwar baya da sunan mai shi da shekarar, sannan ki sa 'yar takarda a ciki: ruwan sanyi, ba bilic, a shanya a inuwa, idan za a ajiye a sa a rigar filo, kada a ƙulle shi a leda don danshi.