Shawara: alamomin karayar gindin ƙoƙon kai bayan hatsarin babur

Jama'a, gindin ƙoƙon kai, inda ƙwaƙwalwa take zaune, hawa uku ne: na gaba a saman idanu da hanci, na tsakiya wajen kunnuwa, sai na baya wajen ƙeya, mai babban ramin da laka ke bi ta sauka cikin ƙashin baya. Jijiyoyin gani, ji, shaƙa da motsin fuska duk ta ƙananan ramukan da ke gindin nan suke fita, shi ya sa ƙaramar tsaga ke jawo babbar matsala.

Mu fara da hawan gaba. Ƙashin saman hanci siriri ne mai huji-huji kamar rariya. In ya tsage, ruwan ƙwaƙwalwa, garai-garai kamar ruwan sha, zai riƙa ɗiga ta hanci, mutum ya daina jin ƙamshi, kewayen idanu biyu ya yi baƙi. In tsagar ta tsakiya ce, jini ko ruwa ke fita ta kunne, ji ya ragu, gefen fuska ɗaya ya saki. Taruwar jini a bayan kunne kan ɗauki kwana 1 zuwa 3 kafin ta bayyana, don haka rashin ganinta nan take ba shaidar lafiya ba ne.

Kada a toshe hanci ko kunne da auduga, a ɗora tsabtataccen ƙyalle kawai. Kada wanda ya ji raunin ya fyace majina, domin iska da ƙwayoyin cuta na iya shiga ciki su haddasa sanƙarau. Ma'aikatan jinya, kada a zura robar abinci ta hanci, ta baki za a bi. A riƙe wuyansa kada ya motsa, a garzaya da shi asibitin da ke ɗaukar hoton CT, wato hoton da ke nuna cikin kai.