Yadda Ake Gyaran Bonet ɗin Alminiyam Idan Fenti Ya Fara Kumbura

Abin yakan fara ne daga leɓen bonet, can gaba inda iska ke dukansa, saman fitila ko kusa da tambarin mota. Kana cikin wanke mota sai hannunka ya ji wasu ƙuraje a ƙarƙashin fenti, kamar ƙurajen zafi a bayan yaro. Ka danna da farce, fentin ya ɓare kamar ɓawon gyaɗa, ka ga farin gari kamar toka maimakon jar tsatsar da ka saba gani. Wani lokaci ma zane ne siriri mai lanƙwashe-lanƙwashe, kamar hanyar gara a jikin azara.

Dillalin mota zai rantse maka cewa alminiyam ba ya tsatsa, kuma rabin gaskiya ya faɗa. Ba ya jar tsatsa, amma yana cinyewa. Da zarar iska ta taɓa shi sai ya yi wa kansa wata siririyar fata da ido ba ya gani, ita ce ke kare shi, shi ya sa tukunyar gidanku take shekara da shekaru. Matsalar tana zuwa ne idan danshi da gishiri suka sami kafa suka shiga ƙarƙashin fenti, musamman idan akwai ɓurɓushin baƙin ƙarfe a wurin. Alminiyam da baƙin ƙarfe idan suka haɗu a cikin danshi sai su zama kamar ƙaramin batir, kuma alminiyam ɗin ne ke narkewa. Kamfanin Ford da kansa, a wata sanarwa da ya aika wa dillalansa a 2004, ya ɗora laifin kumburin fentin bonet a motoci irin su Explorer da Expedition a kan ɓurɓushin ƙarfen da ya manne wa alminiyam tun kafin a yi masa fenti. Ka riƙe wannan, domin duk gyaran a kansa ya rataya.

Me ya kawo wannan ciwo ƙasar da ba ta da dusar ƙanƙara? Motocin da ake shigo mana da su ta Kwatano da Legas, da yawansu sun yi shekaru a Kanada da arewacin Amurka, inda ake barbaɗa gishiri a kan titi lokacin sanyi. Da ciwonsu suke zuwa. Wani lokaci an ma shafe shi da sabon fenti kafin mota ta iso hannunka. Kamfanoni kuma sun koma wa alminiyam ne saboda nauyinsa kusan kashi ɗaya cikin uku ne na baƙin ƙarfe: Mercedes E-Class ta 2002 zuwa 2009 bonet ɗinta alminiyam ne, haka Toyota Camry daga 2018, ita kuwa Ford F-150 daga 2015 bodinta gaba ɗaya ne.

Da farko, ka tabbatar alminiyam ne. Ka sami mayen ƙarfe, ko na tsohuwar sifika ne, ka naɗe shi a ƙyalle ka ɗora. Idan ya kama, baƙin ƙarfe ne, gyaran da aka saba zai yi. Idan ya zame, to ci gaba da karatu.

Na biyu, ka duba zurfin ɓarnar kafin ka kashe ko kwabo. A nan ne mutane suka fi asara. Bonet falle biyu ne: na sama da kake gani, da na ciki mai ƙasusuwa. A gefe-gefe ana naɗe bakin na sama a kan na ciki kamar kalmasar riga, a sa gam a tsakani. Ka ɗaga bonet, ka haska wannan kalmasa da tocila daga wannan kusurwa zuwa waccan, ka bi ta da yatsa. Idan ƙurajen a fili suke, inda tsakuwa ta fasa fenti, kuma kalmasar lafiya lau take, gyara zai riƙe. Idan kuwa kalmasar ta kumbura, ta buɗe baki, farin gari na zubowa daga ciki, to ciwon yana inda samfefa ba za ta kai ba. Ko an kankare waje an fesa fenti ya yi ƙyalli kamar madubi, damina ɗaya ko biyu zai dawo. Ni a ganina wannan bonet canji yake so, kada ka yi ta zuba ruwa a kwando.

Idan motar sabuwa ce daga dila, ka duba takardar garanti tukuna. Kamfanoni da yawa ba sa biyan tsatsa sai ta huda bodi, alminiyam kuwa da wuya ya huje, sai dai ya yi ta zubar da fenti. Wannan ne ya jawo ƙararraki a kotunan Amurka. Mai tokumbo dai ba shi da wannan zancen, aljihunsa ne garantinsa.

Na uku, zaɓen mai gyara. Za ka ji an ce maka, "Alhaji, ai ƙaramin aiki ne, mu kankare mu sa fila, gobe ka zo ka ɗauka." Fila ita ce ƙullun da ake cike kwarin bodi da shi. Kada ka yi saurin miƙa makulli. Ka tambaye shi ko ya taɓa aikin alminiyam, sannan ka dubi kayan aikinsa. Samfefar da aka goge ƙofar wata mota da ita, burushin waya na baƙin ƙarfe, faifan giranda da ya ci ƙarfe jiya, duk suna dasa irin ɓurɓushin da ya haddasa ciwon tun farko. Ka sayi sabuwar samfefa da kuɗinka, da burushin ƙarfen nan da ba ya tsatsa, ka ce na wannan aiki ne kaɗai. A ciro bonet ɗin daga mota, a kai shi nesa da inda ake walda ko yankan ƙarfe, domin tartsatsin giranda yana tafiya da nisa. Kafin a kwance, a zana alama a kewayen hinjis don saiti ya dawo daidai.

Ka kuma hana shi wuta. Baƙin ƙarfe yana yin ja ya gargaɗe ka tun da sauran nisa kafin ya narke. Alminiyam ba ya canza kala, yana nan fari har ya kai kusan digiri 660, sai kawai ka ga rami. Tun kafin nan ma ya riga ya yi laushi ya lauye. Fanel-bita da ya saba gasa bodi da wutar kabaid zai iya kashe maka bonet cikin ƙiftawar ido.

Na huɗu, kankarewa. A wanke bonet da sabulun mota, a goge da maganin cire maiƙo kafin samfefa ta taɓa shi, don kada a cusa datti cikin ƙarfen. A fara da samfefa lamba 80, kada a yi ƙasa da haka (ƙaramar lamba ta fi kaushi), domin alminiyam yana da taushi, mai kaushi sosai tana yi masa kwari. A bi da lamba 180. Kada injin gogewa ya daɗe a wuri ɗaya, zafi yana lanƙwasa falle. A ci gaba da cire fenti har a wuce iyakar ciwon da kamar faɗin yatsa biyu ko uku, saboda zanen nan mai kama da hanyar gara yakan yi nisa a ɓoye fiye da inda ya nuna.

Yanzu ka sunkuya ka duba da kanka cikin hasken rana. Wurin da ya warke yana ƙyalli bai ɗaya. Inda saura ya rage za ka ga ƙananan ramuka kamar na bakin allura, cikinsu fari ko toka-toka. Kowane rami ɗaya iri ne da zai sake tsirowa. A bi su da burushin nan har sai cikinsu ya yi haske, idan akwai injin feshin yashi mai laushi a yi amfani da shi da ƙaramin ƙarfi. Mai aikin ya rufe hanci da baki, kuma kada a bar garin alminiyam ya taru kusa da wuta, yana kamawa.

Na biyar, faraima, wato shafin farko da ake yi kafin fenti, kuma ba a jira. Fatar nan da na ce alminiyam yana yi wa kansa tana dawowa cikin mintuna, fenti kuma ba ya kama ta da kyau. Saboda haka a dama faraima a ajiye tun kafin gugar ƙarshe. A goge, a share da maganin maiƙo da ƙyalle mai tsabta, a bari ya sha iska, a fesa nan take. Bonet ɗin da aka kankare da safe aka tafi cin abinci da sallar azahar, sai an sake bi da samfefa. Wanda ya kwana tsirara kuwa ba a ma magana.

Faraimar da ta fi dacewa ita ce ifoksi, mai zuwa gwangwani biyu a haɗa, a fesa shafi biyu. Akwai wata mai asid da ke cizon ƙarfe, ita ma tana kama alminiyam, amma ba a ɗora fila kai tsaye a kanta. Jar faraimar nan da ake shafa wa ƙofar gida da tagogi ba ta da aiki a nan. Kowace aka saya, a karanta jikin gwangwanin a ga an ambaci alminiyam, a kuma bi lokacin bushewar da aka rubuta.

Na shida, fila da fenti. Idan akwai kwari, a sa fila siririya a kan ifoksin bayan ya bushe an ɗan karce shi, ba a kan ƙarfe tsirara ba. A daidaita da lamba 180 zuwa 320, a sake rufewa da faraima, a gama da 500 ko 600. A juya bonet a bi kalmasar ciki da gam ɗin toshe haɗin bodi, sannan a fesa. Fentin kala da kiliya, wato shafin ƙyalli mara kala da ake ɗorawa a kansa, a yi wa bonet ɗin gaba ɗaya, faci a tsakiyar bonet ba ya ɓoyuwa. Lambar kalar motarka tana kan wata 'yar takarda a jikin ginshiƙin ƙofar direba ko cikin ɗakin inji. Idan da hali a yi feshin a ɗaki rufaffe, domin ƙurar hunturu da danshin watan Agusta kowanne yana ɓata aiki.

Wajen mayarwa, a yi amfani da notocin asali, suna da rufin da ke raba su da alminiyam. Wanda ya ɓata aka maye shi da na kasuwa mara rufi, nan ne sabon farin gari zai fara fitowa.

Idan canji ka zaɓa, Ƙofar Ruwa a Kano, Panteka a Kaduna da Ladipo a Legas duk ana samun na hannu. Sai dai shi ma wataƙila daga ƙasar gishirin ya fito, don haka ka tafi da tocilarka da mayen ƙarfenka. Ka kifa shi a ƙasa, ka bi kalmasar da yatsa kamar yadda ka yi wa naka. Wanda aka yi wa sabon fenti a leɓe kawai, ka ajiye musu kayansu. Ana kuma samun na baƙin ƙarfe da aka ƙera wa wasu motocin, ya fi araha, amma ya fi nauyi, sandunan gas da ke riƙe bonet ba lallai su ɗauke shi ba.

Bayan gyara, ka ba fentin kamar wata guda kafin a shafa masa man ƙyalli. Ka gaya wa yaran wankin mota kada su kusanto shi da ruwan soda ko sabulu mai zafi irin na wanke inji, soda tana cin alminiyam. Duk inda tsakuwa ta fasa fenti a hanya, ka ɗiga masa ɗan fenti da tsinken ashana a satin, kafin ruwan sama na gaba ya same shi.