Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Amfani da Lambar Rangwame a Shagunan Intanet

Lambar rangwame, wato 'yan haruffan nan da ake rubutawa a wani ɗan gurbi kafin a biya kuɗin kaya a shagon intanet, alkawari ce da mai shago ya ɗaure da sharuɗɗa. Wanda ya cika sharuɗɗan za a rage masa farashi, wanda bai cika ba kuwa na'ura za ta ƙi karɓar lambarsa, ko ta karɓa ta rage masa abin da bai kai wanda ya sa rai ba. Yawancin ɓacin ran da masu saye ke yi daga wuri guda yake fitowa: idonsu yana kan babban adadin da aka rubuta a jikin talla, alhali abin da ya shafe su shi ne jimillar ƙarshe da za a cire daga asusunsu.

Kuskure mafi sauƙi, wanda kuma ya fi yawa, shi ne mutum ya rubuta lambar a gurbinta ya wuce zuwa biya ba tare da ya danna maɓallin da ke kusa da gurbin ba. Rubutawa kaɗai ba ta sa rangwame ya hau, sai an danna an ga sabon layi ya fito yana nuna abin da aka rage, an kuma ga jimilla ta sauka. Wani lokaci rangwamen yakan hau, sannan ya ɓace idan mai saye ya koma baya ya canza adireshi, ya cire wani kaya, ko ya sauya hanyar biya. Saboda haka lokacin da ya dace a duba jimilla shi ne daf da danna maɓallin biya. A wasu shagunan ma ba a rubuta komai. A Amazon, alal misali, akan sami ɗan akwati a ƙarƙashin farashin wasu kayayyaki wanda sai an sa masa alama kafin rangwamen ya bi mutum zuwa shafin biya.

Sai kuskuren rubutu. Harafin O da sifili suna kama da juna, haka babban I da ƙaramin l da lamba 1, kuma wasu shagunan suna bambanta babban baƙi da ƙarami. Kwafo lambar ya fi buga ta da hannu, amma shi ma yana da tarkonsa, domin sau da yawa yatsa yakan kwaso sarari a farkon lambar ko a ƙarshenta, na'ura kuma ta ɗauki sararin a matsayin wani ɓangare na lambar ta ce babu irinta. Idan aka ƙi karɓar lamba, a fara goge gurbin gaba ɗaya a sake sakawa a tsanake kafin a yanke hukuncin cewa ta mutu.

Inda aka fi yin asarar kuɗi na zahiri shi ne sharaɗin mafi ƙarancin saye. A ɗauka, a kowane irin kuɗi, lamba ta ce za a rage 10 ga wanda ya sayi kayan 100. Mai saye ya tara kayan da yake bukata sun kai 80, sai ya ga saura kaɗan, ya ƙara wani abu na 20 wanda bai shigo da niyyar saye ba, aka rage masa 10, ya biya 90. A zuciyarsa ya ci riba, amma a lissafi ya kashe 10 fiye da abin da ya kamata ya kashe, ya kuma ɗauko kayan da ba lallai ya yi amfani da shi ba. Don wannan aka kafa sharaɗin tun farko, kuma ba laifi ba ne a wajen mai shago, sana'arsa ke nan. Ciko yana da amfani ne kawai idan abin da aka ƙara abu ne da dama za a saya nan ba da daɗewa ba, ko kuma giɓin da ya rage bai kai rangwamen da za a samu ba, kamar mai kayan 95 da zai ƙara na 5 ya biya 90. A kuma sani cewa yawancin shaguna ba sa lissafa kuɗin kai kaya da haraji a cikin mafi ƙarancin sayen, wasu ma sai sun cire duk wani ragin da ke kan kayan kafin su duba ko an kai adadin. Shi ya sa mutum zai ga jimillarsa ta haura 100 amma lambar ta ƙi aiki.

Akwai kuma rufin da ake yi wa rangwame. Talla za ta ce kashi 30 cikin ɗari, amma a ƙasa da ƙananan baƙaƙe an rubuta cewa ragin ba zai wuce 15 ba. Wanda ya ɗauki kayan 200 yana jiran a rage masa 60 zai tarar 15 aka rage, wato kashi 7.5 kacal. Irin wannan lamba ta fi dacewa da ƙaramin saye, don haka wanda yake da lambobi biyu, ɗaya ta kaso ɗaya ta tsayayyen adadi, sai ya gwada kowace a kan kwandonsa, wato kayan da ya tara zai saya, ya ga wadda ta fi sauke jimilla, kada ya zaɓa don girman adadin da ke jikinta. Kalmar “har zuwa” ma ta cancanci a tsaya a kanta, domin “ragi har zuwa kashi 70” yana iya nufin kaya ƙalilan ne suka sami 70, sauran kuwa 5 ko 10.

Haɗa rangwame biyu ma yana rikita mutane. Shaguna da yawa lamba ɗaya suke karɓa a saye ɗaya, kuma idan aka saka ta biyu sai ta ture ta farko ba tare da wani gargaɗi ba, ko da ta farkon ta fi tsoka. Inda aka yarda a haɗa kuwa, ba a tara kason yadda ake zato. Ragin kashi 20 da na kashi 10 ba su zama 30 ba: kayan 100 zai sauka zuwa 80, sannan a cire kashi 10 na 80 ɗin, a biya 72, wato ragin kashi 28. Haka nan wanda aka fara cirewa yana da tasiri. Idan akwai ragin kashi 20 da tsayayyen ragi na 10, fara cire kason zai kai 70, fara cire tsayayyen kuma zai kai 72. Bambancin ƙarami ne a nan, amma yana girma tare da girman kason da na tsayayyen ragin.

A manyan kasuwannin intanet irin su AliExpress da eBay, inda dubban 'yan kasuwa ke sayarwa a ƙarƙashin rufi ɗaya, dole a rarrabe lambar da kasuwar kanta ta bayar da wadda wani ɗan kasuwa ya bayar. Ta ɗan kasuwa a kan kayansa kaɗai take aiki, don haka idan kwandon ya ƙunshi kayan mutum uku, kayan mai lambar ne kawai za a lissafa wajen cika sharaɗi. Galibi kuma akan keɓe wasu abubuwa daga kowane rangwame, kamar katin kyauta, da kayan da dama an karya farashinsu, da kayan wasu kamfanoni da ba su yarda a rage musu farashi ba. Wasu lambobin na sabon mai saye ne kawai, wasu a manhajar waya kaɗai suke aiki, wasu sai da wani nau'in kati, wasu kuma an ɗaure su da asusun wanda aka aika wa. Masu buɗe asusu na biyu da na uku don cin rangwamen sabon mai saye su sani cewa shaguna suna gane mutum ta lambar waya, da kati, da adireshi, da na'urar da ya shigo da ita, kuma sharuɗɗan da yawansu sun ba su damar soke sayen ko rufe asusun.

Ranar ƙarewar lamba ba da agogon mai saye ake lissafa ta ba, da agogon da shagon ya zaɓa ake yi. Lambar da za ta ƙare ƙarfe 11:59 na dare agogon Sin ta ƙare tun ƙarfe 3:59 na yamma agogon GMT, domin Sin tana gaba da awa 8. Wasu lambobin ma adadinsu ƙayyadadde ne, da zarar mutum dubu na farko sun yi amfani da su sun ƙare ko da ranar ba ta cika ba, kuma hakan ya fi faruwa a lokutan babbar kasuwa kamar 11 ga Nuwamba da Juma'ar da ke bin ranar Godiya ta Amurka. Sanya kaya a kwando ba ya riƙe wa mutum farashi, ba ya kuma riƙe masa lamba.

Duk wannan lissafi ba shi da amfani idan farashin da aka yi wa ragi kumburarre ne tun asali. Akwai masu ɗaga farashi kwanaki kaɗan kafin su sanar da rangwame, sai ragin ya mayar da kaya inda yake a da. Matsalar ta kai har Tarayyar Turai ta yi doka a 2019, wadda ta fara aiki a watan Mayun 2022, cewa duk mai sanar da ragin farashi ya nuna mafi ƙanƙantar farashin da ya sayar da kayan a kwana 30 da suka gabata. Ba kowace ƙasa ke da irin wannan kariya ba, don haka mai saye ya yi wa kansa aikin: ya nemi kayan nan, da irin samfurinsa da girmansa, a shago biyu ko uku, ya kwatanta jimillar ƙarshe har da kuɗin kai kaya. Ni a ganina wannan kwatancen ya fi neman lambar kanta muhimmanci, domin ba safai ake rasa shagon da farashinsa ba tare da rangwame ba ya fi na mai rangwamen sauƙi ba.

Mayar da kaya wani wuri ne da ake shan mamaki. Mutum ya sayi kaya biyu, na 60 da na 40, da lambar da ta rage 10, ya biya 90. Idan ya mayar da na 40, kada ya jira a dawo masa da 40. Shagon da ke raba ragin a kan kayayyaki zai ba shi 36, wanda kuma ya ga abin da ya rage bai kai mafi ƙarancin saye ba yana iya janye ragin duka ya ba shi 30. Lambar da aka yi amfani da ita sau ɗaya kuma ba lallai ta dawo ba idan an soke sayen, saboda haka a tabbatar da launi da girma da adireshi kafin a biya.

A dandalin da ake biya wata-wata ko shekara-shekara, kamar na kallo, da na karatu, da na ajiyar bayanai, da masu sayar da sunan shafi, rangwamen yawanci na zagayen farko ne. Mutum zai shiga da rabin kuɗi, ya bar katinsa a ajiye, bayan wata ko shekara a cire cikakken kuɗi kai tsaye lokacin da ya manta da zancen. Wannan yana damuna fiye da sauran, domin asarar tana maimaituwa, kuma wanda ba ya duba bayanan asusunsa yana iya yin watanni yana biyan abin da ya daina amfani da shi. Kafin a shiga a nemi farashin sabuntawa, wanda akan rubuta shi da ƙananan baƙaƙe kusa da na rangwamen. A ranar da aka biya a shiga saitin asusu a duba ko za a iya kashe sabuntawa ta kai tsaye, ko a sa wa waya tunatarwa kwana biyu ko uku kafin ranar. Goge manhaja daga waya ba ya soke rajista, sai an soke ta a inda aka yi ta, ko a shafin kamfanin ko a asusun Google Play ko na Apple.

Katin kyauta kuwa ba lambar rangwame ba ne, kuɗi ne da aka riga aka biya, kuma duk wanda ya riga saka lambarsa shi ya ci. Kada a nuna hotonsa ga kowa. Yawancinsu an ɗaure su da ƙasa, katin Google Play da aka saya don asusun Amurka ba zai hau asusun wata ƙasa ba.

Mafi munin kuskure shi ne bin lambar ƙarya. Saƙo zai zo ta WhatsApp ko Facebook da tambarin sanannen kamfani, yana cewa ana rabon takardar rangwame don bikin cika shekaru, a amsa 'yan tambayoyi, a tura wa mutum ashirin, sannan a saka bayanan kati don biyan ɗan kuɗin aikawa. Rangwame na gaskiya ba ya bukatar lambar sirrin kati, ba ya bukatar lambar tabbatarwa da banki ke turowa ta waya, ba a kuma biyan kuɗi don a karɓe shi. A duba adireshin shafin harafi bayan harafi, domin mazambata kan canza baƙi ɗaya ko su ƙara kalma a sunan kamfanin, kuma alamar kwaɗo da ke jikin adireshi ba shaidar gaskiya ba ce, shafin ƙarya ma yana iya samunta. Hanya mafi aminci ita ce a rufe saƙon, a buɗe manhajar shagon ko a buga adireshinsa da hannu, a ga ko tallar tana can. Wanda ya riga ya saka bayanan katinsa ya kira bankinsa nan take a toshe katin, ya canza kalmar sirrin da ya yi amfani da ita a duk inda ya maimaita ta. Ƙananan manhajojin da ake liƙa wa burauza don su nemo lamba da kansu ma sai an duba izinin da suke nema, domin da yawansu suna iya ganin shafukan da mutum ke buɗewa.

Idan lamba ta fito daga shagon kansa, an cika sharuɗɗanta, amma ta ƙi aiki, kada a biya da fatan za a gyara daga baya, domin shaguna da yawa ba sa ɗora rangwame a kan sayen da aka riga aka kammala. A ɗauki hoton tallar da sharuɗɗanta, da hoton kwandon, da saƙon da na'ura ta nuna lokacin da ta ƙi, a aika wa sashen kula da masu saye ta hanyar da ke cikin shafin ko manhajar, a jira amsarsu a rubuce kafin a danna maɓallin biya.