Yadda ake shiga MikroTik ta layin umarni don gano mai cinye intanet

Intanet ya yi nauyi a ofis, kowa yana ƙorafi, ido kuma yana kanka tunda kai ake kira injiniya. Idan rautar wurin, wato na'urar da ke rarraba intanet, ta MikroTik ce, kamfanin nan na ƙasar Latbiya, ba sai ka yi ta canki-canka ba. Ita kanta za ta nuna maka mai cinye layin, in dai ka iya tambayarta.

Fara da jona wayar intanet daga kwamfutarka zuwa rami na biyu, wato ether2. Kar ka sa a ether1. A saitin da na'urar take zuwa da shi, wannan ramin na layin da ke shigowa daga waje ne, an kuma toshe shiga ta nan. Mutane da yawa sun sha ɓata rabin yini a kan wannan, suna zaton rautar ce ta ƙone.

Buɗe tagar umarni ta Windows 10 zuwa sama, ka rubuta:

ssh admin@192.168.88.1

Wannan ne adireshinta na asali, sai in wani ya canza. A karon farko za a tambaye ka ko ka amince da na'urar, ka amsa da yes. Tsofaffin ƙira ba su zuwa da kalmar sirri, sababbi kuwa tana rubuce a 'yar takardar da aka manna a jikinsu. Kana bugawa ba za ka ga ko ɗigo a allo ba, haka abin yake, maɓallanka lafiyarsu ƙalau. Da ka ga [admin@MikroTik] > to ka shiga.

Kafin ka taɓa komai, danna Ctrl da X tare, sai ka ga SAFE ya bayyana a layin. Ni dai ba na aiki a na'urar da ke nesa da ni ba tare da shi ba. In ka yi kuskuren da ya rufe ka a waje, bayan kamar minti 9 rautar za ta warware duk abin da ka canza da kanta. In ba haka ba, sai hawa acaɓa zuwa inda take.

Yanzu duba yawan abin da ke wucewa:

/interface monitor-traffic ether1

Lambobin shiga da fita za su riƙa sauyawa kowace daƙiƙa. Idan sun kai maƙurar abin da kuka saya a wajen kamfanin intanet, matsalar daga cikin gida take. Danna Q ka fita, sai ka haska tocila:

/tool torch interface=bridge src-address=0.0.0.0/0

Kowane adireshi zai fito da abin da yake ja. Mai laifi ba ya ɓuya, lambarsa takan yi wa saura fintinƙau. Kwafe adireshin, ka neme shi a nan:

/ip dhcp-server lease print

Sunan na'urar zai fito a gefensa, sau da yawa wayar wani ce ke sauke bidiyo a ɓoye.

Umarni ya shige maka? Rubuta farkonsa ka danna Tab, za ta ƙarasa maka. In ka gamsu da abin da ka canza, sake danna Ctrl da X don ya zauna, sannan ka rubuta /quit.