Kurakuran da aka fi yi wajen ɗora manhajojin ofis a kan manyan kwamfutocin injiniyoyi

A ofisoshin masu safiyo da masu zanen gini a Sakkwato, ana sayen manyan kwamfutoci irin su HP Z440 da Dell Precision, galibi na hannu, domin aikin manhajojin zane da taswira irin su AutoCAD ko ArcGIS, daga baya kuma a ɗora musu Excel da Word da QuickBooks don lissafin albashi da takardun kwangila. Idan abin ya fara ba da wahala sai a ɗora wa na'urar laifi, alhali sau da yawa matsalar tana wajen yadda aka saka manhajar.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne saka Office mai bit 32, maimakon nau'insa mai bit 64, a kan kwamfutar da ke da ƙwaƙwalwa (RAM) gigabait 64. Irin wannan Excel ba ya iya amfani da fiye da gigabait 2 zuwa 4 komai girman na'urar, don haka za ka ga ma'aikaci ya buɗe babban fayil na alƙaluman filaye, allon ya yi fari, saƙo ya fito cewa ƙwaƙwalwa ba ta isa ba. Gyaran shi ne a cire shi gaba ɗaya a saka mai bit 64. Ko da an yi hakan, shafi ɗaya na Excel ba ya wuce layi 1,048,576, kuma bayanan da suka fi haka rumbun bayanai suke buƙata.

Waɗanda kwamfutarsu ke kan Ubuntu, wato wani nau'in Linux da ake amfani da shi a maimakon Windows, musamman masu bincike a jami'a, sukan ɓata lokaci wajen tilasta wa sabon Office aiki ta hanyar Wine, manhajar da ke tafiyar da manhajojin Windows a kan Linux, abin da ba kasafai yake tafiya lafiya ba. LibreOffice, takwaran Office na kyauta, ya wadatar ga wasiƙu da ƙananan lissafi, amma sai a saka salon rubutu na Carlito, wanda faɗin haruffansa ya yi daidai da Calibri da aka saba amfani da shi a Word, in ba haka ba takardar neman kwangila mai shafi goma tana iya zama goma sha ɗaya a hannun wanda aka aika wa, tebura sun goce daga mazauninsu. A ganina, duk wanda ke da fayil mai umarnin VBA, wato ƙananan shirye-shiryen da ake rubutawa a cikin Excel ko Word, ko yake riƙe da asusun kamfani a QuickBooks, gara ya ɗora Windows a cikin VirtualBox, manhajar da ke tafiyar da Windows a cikin Ubuntu, bayan ya kunna VT-x, wato saitin da ke ba da damar hakan, a BIOS, inda ake saita na'urar tun daga kunnawa, kuma kada ya ba Windows ɗin fiye da rabin ƙwaƙwalwar na'urar.

Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, kuma tsofaffin na'urori masu firosesa Xeon E5 ba sa cikin jerin waɗanda Windows 11 ta amince da su, saboda haka a duba wannan kafin a biya kuɗin kwamfutar.

Sai batun wuta. Babbar kwamfuta tana jan wuta fiye da ta ofis, kuma ƙaramar UPS, wato na'urar ajiyar wuta, mai ƙarfin 650VA tana iya kasa riƙe ta idan aka ɗauke wuta tana tsakiyar aiki, fayil ɗin lissafin da ke buɗe ya lalace. A auna wutar da kwamfutar ke buƙata kafin a sayi UPS ko inbata, a riƙa kwafe fayilolin asusu kullum, kuma a busa ƙurar hunturu daga fankokinta kafin zafin Afrilu ya shigo.