Yadda ake samun tikitin jirgin ƙasa mai araha idan za a tsallaka iyaka a Turai

Da hutu ya gabato, ɗalibanmu da ma'aikatanmu da ke zaune a Jamus da Faransa da Birtaniya sukan fara lissafin ziyara. Wani zai je Sallah wurin yayansa a Brussels, wata za ta je suna a Faris. Sai mutum ya bari ana gobe tafiya ya buɗe waya, ya ga farashi, ya ce jirgin ƙasa ba na talaka ba ne, ya koma ya kwana a zaune cikin motar dare. Abin yana damuna, domin sau da yawa kujerar da ya gani da tsada, wanda zai zauna kusa da ita rabin kuɗin ya biya, ko ma ƙasa da haka.

Dalili shi ne kamfanonin jiragen nesa suna kasa kujerunsu kashi-kashi. Kashin farko mai araha ne, idan ya ƙare farashi ya hau mataki na gaba, haka har ranar tafiya. Kamar ragon layya ne: wanda ya saya tun Shawwal da wanda ya shiga kara ranar jajiberi ba kuɗi ɗaya suka fitar ba. To ga yadda nake bi.

Fara da takardunka

Kafin ka duba farashi, duba fasfo. Tikiti mafi araha yawanci ba a mayar da kuɗinsa, saboda haka idan aka hana ka wucewa a iyaka, kuɗin sun tafi. Mai takardar izinin zama a wata ƙasa ta yankin Schengen, wato ƙasashen Turai da suka buɗe wa juna iyakokinsu, yana iya ziyartar sauran na kwana 90 cikin kowane kwana 180. Birtaniya kuwa ba ta cikin yankin. Izinin zamanka na Landan ba zai shigar da kai Faransa ba idan fasfon Najeriya ko na Nijar ne a hannunka, sai da biza, kuma jami'an Faransa suna nan cikin tashar St Pancras ta Landan suna dubawa tun kafin ka hau Eurostar, jirgin ƙasan da ke tsallakawa zuwa Faransa. Ko a cikin Schengen ɗin ma, tun watan Satumba na 2024 Jamus ke bincike a dukkan iyakokinta na ƙasa, 'yan sanda kan shigo tarago su ce a nuna takarda. Fasfo da katin zama su kasance a jikinka, ba a ƙasan akwati ba.

San ranar da ake buɗe sayarwa

Da sanyin safiya ake kama fara. Kamfanin jiragen Jamus, DB, yakan buɗe tikitin ƙetare kusan wata shida kafin tafiya a hanyoyi da yawa. Na Faransa, SNCF, kimanin wata huɗu. Da zarar ka tsayar da rana, ka je ka duba, idan ba a buɗe ba ka sa wa wayarka tunatarwa.

Akwai wani abu da ke rikita mutane kowace shekara. Jiragen Turai suna sauya jadawalinsu a mako na biyu na watan Disamba, kuma tikitin bayan wannan rana ba ya fitowa da wuri, yawanci sai cikin Oktoba. Idan a Satumba ka nemi tikitin hutun ƙarshen shekara ka ga babu komai, ba ƙarewa ya yi ba. Ba a fara sayarwa ba ne.

Wurin wa za ka saya

Nan ne kuɗin suke, kuma nan ne mutane suka fi yin sakaci. Manhajoji irin su Trainline da Omio suna da amfani wajen ganin hanya, amma sukan ɗora ladansu a kan tikiti. Duba hanyar a can, ka je shafin kamfanin jirgin da kansa ka saya.

Sannan ka tuna jirgin da ke tsallaka iyaka galibi kamfanoni biyu ne ke tafiyar da shi tare, kowanne yana sayar da kujerunsa da nasa farashin. Jirgin Barlin zuwa Prague, tafiyar awa huɗu da 'yan kai, DB na sayar da tikitinsa, kamfanin Jamhuriyar Cek, České dráhy, shi ma yana sayarwa. Jirgi ɗaya, tarago ɗaya, amma sau da yawa lambobin da ke shafukan biyu sun bambanta. Haka tsakanin Biyana da Budapest: akwai ÖBB na Ostiriya, akwai MÁV na Hungary. Ni dokar da na sa wa kaina ita ce ba na biya sai na buɗe shafin ƙasar da zan tashi da na ƙasar da zan sauka. Minti goma ne aikin. Shafukan duk suna da Turanci, sai dai ka rubuta sunan tasha yadda 'yan ƙasar ke rubuta shi, Wien maimakon Biyana, Praha maimakon Prague. Tashar Brussels da jiragen ƙetare ke tsayawa tana da suna biyu, Bruxelles-Midi da Brussel-Zuid, wuri ɗaya ne.

A shafin DB za ka ga farashi uku. Super Sparpreis Europa shi ne mafi araha, ba a soke shi. Sparpreis Europa ya ɗan ɗara shi, ana iya sokewa kafin ranar tafiya a cire Yuro 10 a ba ka sauran a matsayin takardar sayen wani tikitin. Flexpreis ya fi tsada amma ba ya ɗaure ka ga jirgi guda. Na farko da na biyu sun ɗaure ka: jirgin da aka rubuta shi za ka hau. Idan kana jiran biza ko ba ka tabbatar da ranar gama jarrabawa ba, 'yan Yuron da ke tsakanin na farko da na biyu ba asara ba ne. Masu iyali kuma su lura, a jiragen nesa na DB yaro har ɗan shekara 14 ba ya biya idan yana tare da babba, muddin an shigar da shi lokacin saye.

Motsa rana, ko ka hau mai tafiyar hankali

Yammacin Juma'a da yammacin Lahadi kowa ke tafiya. Talata da Laraba, ko jirgin farko na asuba, ko na tsakar rana, su ne suka fi daɗewa da kujerun araha. Idan ka yi sallar asuba ka fita, wani lokaci ragin ya isa kuɗin abincinka na kwana biyu.

Ba kuma dole ne sai jirgi mafi gudu ba. Eurostar na kai ka Brussels daga Faris cikin awa ɗaya da minti 22. Tun Disamba 2024 akwai jirgin araha na Ouigo a tsohuwar hanya, yana ɗaukar kusan awa uku, tikitinsa na farawa daga Yuro 10. Tsakanin Brussels da Amsterdam ma akwai jiragen EuroCity ban da Eurostar. Wanda ke Landan ba shi da wannan zaɓin, domin Eurostar kaɗai ke ɗaukar fasinja daga can ta ramin da ke ƙarƙashin teku, wanda aka buɗe a 1994. Amma akwai Eurostar Snap: kai ka zaɓi rana da safe ko yamma, su su zaɓa maka jirgi su sanar da kai ana saura kwana biyu, ragin na iya kaiwa rabi.

Raba tikiti, amma da lura

Wani lokaci tikiti biyu sun fi guda araha. Mai Deutschlandticket, tikitin wata na Jamus wanda aka fara a Mayu 2023 kan Yuro 49 a wata kafin a yi ta ƙara masa kuɗi, yana hawa jiragen yanki na Jamus kyauta, kuma tikitin na aiki har Salzburg da Kufstein a cikin Ostiriya. Ɗalibin da ke Munich sai ya tafi Salzburg da shi, daga can ya sayi na Biyana wurin ÖBB ko kamfanin Westbahn, duk wanda ya fi sauƙi. Deutschlandticket ba ya aiki a ICE, jiragen DB masu gudu, wannan kada a manta.

Sai dai araha ba ta ado. Na taɓa raba wata tafiya gida biyu, na bar minti goma sha biyar kacal tsakanin jiragen. Na farkon ya makara, na sauko da akwati ina gudu, na iso dandamali ina kallon jan fitilun bayan na biyun yana fita. Ma'aikaciyar da na samu ta duba takardun biyu, ta ce mini cikin ladabi ai ciniki biyu ne daban, na biyun bai san da na farko ba. Sabon tikiti na saya a farashin ranar, duk ragin ya tafi har da ƙari. Da tikiti ɗaya ne tun daga farko har ƙarshe, da hakkinsu ne su sa ni a jirgi na gaba ba tare da na ƙara ko sisi ba. Dokar Tarayyar Turai ma ta ce idan aka makarar da kai awa ɗaya a mayar maka da kashi 25 cikin ɗari na kuɗin tikiti, awa biyu kuma kashi 50. Tun daga ranar, idan na raba, ba na barin ƙasa da awa guda a tsakani. A Faris ma sai an ƙara, domin mai zuwa daga Landan a Gare du Nord yake sauka, jiragen Suwizalan da Italiya kuma daga Gare de Lyon suke tashi, sai ka hau jirgin cikin gari na RER D tasha biyu da kayanka. Idan jirgi ya makara, ka nemi ma'aikaci ya ba ka shaidar jinkiri a rubuce kafin ka sauka, tana taimakawa wajen roƙon a bar ka ka hau na gaba.

Batun Interrail da Eurail

Wannan tikiti ne na kwanaki, yana aiki a ƙasashe 33. Inda kake zaune ake dubawa, ba launin fasfonka ba: Bahaushen da ke da izinin zama a Turai Interrail zai saya, wanda ya zo ziyara daga Kano ko Zinder kuma Eurail. Wanda bai kai shekara 28 ba yana da rangwame. Ga tafiya ɗaya zuwa da dawowa ba ya cika biyan kuɗinsa, kuma Eurostar da TGV, jiragen Faransa masu gudu, sai ka ƙara kuɗin kama kujera a kai, kujerun kuma ƙidayayyu ne. Inda yake da riba shi ne idan za ka zaga ƙasashe uku ko huɗu, ko tafiya ta taso ba shiri lokacin da tikitin araha duk sun ƙare.

Kafin ka ce jirgin sama ya fi sauƙi, ɗauki biro ka haɗa kuɗin akwati da na motar filin jirgi a ɓangarorin biyu. Eurostar na barinka da akwati biyu da jakar hannu ba tare da an ɗora su a sikeli ba, ga mai kai tsaraba wannan ba ƙaramin abu ba ne. Idan kuma tafiyar doguwa ce, duba jiragen dare na Nightjet ko European Sleeper, wanda ke tashi daga Brussels ya bi ta Amsterdam da Barlin har Prague. Gadon da ke cikin tarago ya ɗauke maka kuɗin masauki na dare guda, kuma shi ma tun ranar da aka buɗe sayarwa ake kama shi.